Ranar da Na Yanke Bulalar Gardi

Ku da kuke biye da ni, yau gaisuwata gajeriya ce, don hannuna na hagu a naɗe yake da tsumma, kuma unguwarmu ta riga ta gama yi min shari'a. Wai Hasiya 'yar Sallau baduku ta haukace a kan soja. Na ji. Ku bari in faɗa muku yadda aka yi daga tushe, sannan ku yanke naku hukuncin.

Ni bazawara ce. Mijina na fari zazzaɓi ya ɗauke shi tun aurenmu bai shekara ba, na dawo ɗakin Inna a nan Dogon Dutsi ba goyo ba ciki. Babana a zaure yake aikinsa. Yana ɗinka takalma da layu da kayan doki, amma abin da ya yi masa suna shi ne bulala. Gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, duk wajensa suke saye. In ka shigo zaurenmu, su za ka fara gani a jere a bango, wasu na fatar raƙumi, wasu an yi musu kitso da jan zare a mariƙi. A cikinsu na girma, ban taɓa kallonsu a matsayin wani abu ba.

Cikin gardawan nan akwai Gado. Dogo ne, da jar hula da kaki mai guga, ƙafafu a naɗe har gwiwa. Tun da na fita takaba yake zuwa, ya kawo wa Inna sukari da ganyen shayi, ya zauna kan turmi yana ba ta labarin wanda ya zane a kasuwa. Inna ta mutu a kansa.

“Ke dai ki dubi mutum,” in ji ta, kullum in muna surfe. “Wa ka taɓa gidan da gardi ya yi aure?”

Baba kuwa cewa ya yi ba ya tilasta wa wadda ta taɓa aure. Amma ku sani, shirun Baba da surutun Inna hanya ɗaya suka nufa.

Ana nan sai Inusa ya dawo. Ɗan unguwarmu ne, Nasara suka ɗauke shi soja ina yarinya, suka kai shi yaƙin wata ƙasa bayan teku da suke kira Andoshin. Bayan Faransa ta sha kashi a can aka sallamo su. Wasu sun dawo da akwati, wasu da ƙafa ɗaya. Shi da yarinya ya dawo.

Ran da na fara ganinsu, furar Baba na kawo zaure. Na tarar da mutum a durƙushe, siriri, rigar soja ta koɗe a jikinsa, yana riƙe da ƙafar wata 'yar ficiciya Baba na gwada ta a kan fata. Ba za ta wuce shekarun fara ɗaukar tallan goro ba. Fatarta kamar ruwan zuma, idanu ƙanana masu ja da baya, gashi mai laushi ya cukurkuɗe don ba wanda ya san yadda zai yi da shi. Uwarta ta sa mata suna Lan. Yayar Inusa, Ajuma, wadda suka sauka wajenta, ta mayar da shi Lanti.

Yarinyar ta ɗaga kai ta ga bango. Sai ta fizge ƙafarta ta shige cikin rigar ubanta.

“Roi,” ta ce can ƙasa. “Roi.”

“Mi ta ce?” Baba ya tambaya.

“Bulala take nufi, Baba. Haka suke kiranta a can.”

Baba ya dubi yarinyar ya dubi bangon. Ni na ajiye ƙwarya, na cire mayafina na yafa a kan bulalun. Sai a lokacin Inusa ya ɗago ya dube ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, kallon nan ya bi ni har cikin gida.

Da aka kwana biyu Ajuma ta aiko a tambaya ko zan iya da gashin yarinyar. Na ce a kawo ta. Daga kitso aka koma kullum, daga kawo ta aka koma shi ma yana tsayawa bayan la'asar a gindin bedi, dogon yaron nan na ƙofar gida. Nakan sa zanena baƙi mai shuni, in ɗaura ɗankwalin da nake ɓoyo a ƙasan kwando, in zizara kwalli, in ce wa Inna zan miƙa yarinya. Inna ba yarinya ba ce, ta san me ake miƙawa.

Lanti ba ta jin Hausa, kuma ba ta cika magana ba. In ta yi, kalmomi ne gajeru kamar tsakuwa ta faɗa ruwa, wani lokaci ta faɗi ɗaya sau biyu. Nan da nan magana ta zaga gari: ɗiyar soja da iska ta zo, iskar ce ke maimaita magana a bakinta. Har akwai masu ba Ajuma shawara ta kai ta garin Lugu wajen 'yan bori a duba ta.

Na tambayi Inusa gaskiyar abin. Muna zaune kan tabarmar kaba, Lanti na tsakaninmu tana jera 'ya'yan bedi.

“Ba iska ba ce, Hasiya. Harshen uwarta ne. Sai dai abin da ya rage mata a ciki ba mai daɗi ba ne.”

Ya ce uwar ta rasu yana bakin daga. Kafin ya samu ya dawo, yarinyar ta daɗe a hannun wasu dangin uwar da ba su yafe mata baƙin uba ba. Abin da ta fi ji a gidan shi ta riƙe.

“Koya min,” na ce.

“Mi za ki yi da shi?”

“In ta yi magana ina so in san mi ta ce.”

Sai ya fara. Ga yadda kunnena ya kama su, in na karkace ku yi haƙuri. Duka ko wane iri ne, ɗan. Na yi dariya, na ce ashe da take cewa ɗan, ɗan, mata na tsammanin ɗan wani take kira. Mari, tat. Naushi, ɗam. A maka wa mutum abu mai nauyi, ɗap. A tsula masa bulala, kwat. In aka haɗa ɗan da ɗap a baki ɗaya, to dukan rashin imani ke nan, irin wanda ake kwanciya jinya.

“To maimaitawar fa?”

“Nan ne mutane sunka ɓace. Sau da yawa in sun ninka kalma, sauƙi take yi. Ɗap, an maka. Ɗap-ɗap, kaɗan-kaɗan ne, kamar mai kaɗe ƙura a tabarma.”

“Ai mu ma haka ne. In na buge ki daban, in na bubbuga bayanki daban.” Na juya ina faɗa wa Lanti, ina bubbuga bayanta a hankali.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce wani abu da ya fara da harafin da bakinmu ba ya iyawa. Inusa ya cije leɓensa na ƙasa ya nuna min yadda ake fitar da shi. Na gwada, na gwada, abin da ya fito shi ne bo-bo. Yarinyar ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Dariyarta ta fari ke nan da na gani.

“Shi ne lallashi da tafin hannu,” in ji Inusa. “Uwarta ke yi mata. Wannan ɗaya ce mai daɗi da ta rage.”

Na ce amma namu ba kullum yake sauƙi ba, don wanda aka zazzane ya fi wanda aka zane shan wuya. Ya ce su ma suna da irinsa. Kukan bulala in ta keta iska suna ce masa bun-but, kuma wannan ba sauƙi a cikinsa, ƙarar ce ke zuwa tana ƙara zuwa. Da ya faɗa, Lanti ta daina wasa. Muka bar zancen.

A ranar ya ce yana sona. Ba wani kwalliya a maganar. Cewa ya yi, “Ba ni da gona mai kirki, barcina ba shi da kyau, ga ɗiya. In kin ga za ki iya, zan turo.” Na ce ya turo.

Da manyansa suka zo, Baba ya ce zai yi shawara. Inna kuwa har tuwo ta ƙi ci.

“Ki bar mai jar hula ki bi mai ɗiyar iska? Ki yi rainon abin da ba ki san da mi anka haife shi ba?”

“Da ciki anka haife ta, Inna, kamar ni.”

“Ni kike mayar wa magana?”

“Ki yi haƙuri. Amma Gado ban sonshi, ko Inusa bai dawo ba.”

Maganar ta kai kunnen Gado, don a garin nan ba abin da ke kwana.

Shekaranjiya aka kira tsoffin sojoji bariki. Ajuma ta tafi biki Dumega, sai Inusa ya kawo min Lanti tun da hantsi. Na yi mata wanka, na sa mata 'yar rigar da na ɗinka da ragowar atamfata, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna a inuwar rumbu ina tsefe mata kai da man shanu. Inna na bakin murhu. Sai muka ji sallamar Gado a zaure, ya zo karɓar sabuwar bulalar da Baba ya gama masa. Jim kaɗan ya shigo cikin gida gaida Inna, kamar yadda ya saba, bulalar a naɗe a hannunsa.

“Au, baƙuwar teku ce a gidan?” ya ce. “Hasiya, an fara raino tun ba a ɗaura ba?”

Na ci gaba da tsifata.

“Inna, bari in gwada aikin Baba ki gani.”

Ya warware ta, ya kaɗa a iska. Na ji jikin Lanti ya sandare a tsakanin gwiwoyina.

“Bun-but,” ta ce.

“Mi take cewa? Iskar ce ta motsa?” Ya yi dariya, ya matso, ya sake kaɗawa. Wannan karon bakin bulalar ya tashi ƙura dab da ƙafarta.

“Gado, bari,” na ce. “Tsoro take ji.”

“Ai magani nike mata. Iska ba ta son wannan.”

Abin da ya biyo baya shi ne ba zan manta ba har in mutu. Yarinyar ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Ta zame daga jikina, ta kwanta rub da ciki a ƙasa, ta kai hannu baya ta ɗage rigarta har wuya, ta haɗa ƙafafu. Kamar wadda aka koya wa, kuma ta san in ta yi gardama abin zai fi haka. Na sha ganin tabon da ke bayanta wajen wanka. Ranar na ga yadda aka yi shi.

“Ɗung ɗan,” take faɗa cikin ƙasa. “Ɗung ɗan.”

Rabin maganar na sani, sauran rabin ba sai an fassara min ba. Kar a doke ta take roƙo.

Ko Inna sai da ta saki muciya. Gado kuwa ya ɗaga hannu zai kaɗa ta uku. Wataƙila a iska zai yi, wataƙila ba zai taɓa ta ba. Ban tsaya ganewa ba. Na miƙe na tara hannuna, bulalar ta naɗe a damtsena, na ji kamar an ɗora min garwashi. Na damƙe ta da hannun nan. Wuƙar dukancin Baba na kan kirgin da ya shanya kusa da rumbu. Na ɗauka da dama, na ja sau ɗaya. Wuƙar Baba ba ta neman a maimaita.

Aka bar Gado da mariƙi a hannu, jan zare na lilo.

Na jefar da sauran a murhun Inna, na ɗauki Lanti na sauke mata riga, na ɗora ta a kafaɗa. Jini na bin hannuna yana ɗiga a zanena.

“Kin san abin da kinka yi?” Muryarsa ta yi sanyi. “Kayan gwamnati ne.”

“Kayan ubana ne, ko inuwar bariki ba ta gani ba. Ka je ka faɗa wa kumandan mace ta yanke maka bulala kana razana marainiya. Ni ma zan zo in ji yadda za ka tsara shi.”

Baba na tsaye a bakin zaure. Ban san tun yaushe ba.

Gado ya gyara hularsa. “Baba Sallau, ka ga ɗiyarka.”

“Na gani,” in ji Baba. “Kai ma na gan ka.”

Ya tsaya yana jiran ƙari, bai samu ba. Sai ya juyo wajena ya yi murmushin da ya fi zagi muni.

“Ba a kanki zan kai ƙara ba. Yarinyar ga ba ta da uwa, ubanta ba shi da mata, kuma kowa ya san ba shi da lafiyar kai. Nasara na da gidan da suke tara irinsu, can nesa. Ni zan raka ta mota da kaina.”

Ya fita.

Inna ta wanke min hannu da ruwan bagaruwa tana kuka tana faɗa, wai na kashe wa ubana kasuwa, na jawo mana bariki. Amma da Lanti ta ƙi sauka daga jikina, Innar ce ta dama mata fura da nono mai yawa, ta miƙo ba ta kalle ni ba.

Da Inusa ya dawo ya ga hannuna, ya ji abin da aka yi, sai ya juya zai fita. Na sha gabansa.

“Ina za ka?”

“Ki matsa, Hasiya.”

“In ka taɓa shi ka ba shi abin da yake nema. Su ɗaure ka, su ɗauke ta. Zauna.”

Ya zauna.

Ban yi zaton Gado zai cika maganarsa da wuri haka ba. Jiya da hantsi wani gardi ya zo gidan Ajuma da saƙon baki: ran Alhamis kumandan na son ganin Inusa, ya zo da yarinyar. Inusa ya ce akwai takardar haihuwarta da sunansa a kai, amma ya ga abokansa da takarda a hannu an raba su da 'ya'yansu a bakin jirgi. Abin da za a tambaya shi ne wa zai riƙe ta.

To ni na san amsar. Kafin Alhamis Lanti za ta yi uwa.

Na sami Baba da Inna na durƙusa. Na ce ni ba budurwa ba ce, abin da nake buƙata waliyyi ne da shaidu. Na fi son Baba ya ba da ni da bakinsa. In ya ƙi, ƙanensa na Dumega, shi ma uba ne, motar kasuwa za ta kai ni.

“Ki ji ta,” in ji Inna. “Ki ji abin da na haifa.”

Baba bai ɗago daga takalmin da yake huda ba. Na jira har ƙafata ta yi sanyi, sannan na tashi na shiga ɗaki. Na shimfiɗa tsohon zane, na zuba kayana: baƙin zanen nan, murjanina, awarwaro, tandun kwalli. Ina ƙoƙarin ƙullewa da hannu ɗaya da haƙori sai inuwa ta rufe ƙofa. Baba ne. Rabon da ya tako ƙofar ɗakin nan tun ina amarya.

“Kwance ƙunshin ga,” ya ce. “Ina raye wani ba ya ba da aurenki.”

Na saki zanen. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

“Ban gama ba. Na sauke bulalun zaure, ba ni sake yin wata. Wannan tsakanina da Allah ne, ba don ke ba. Amma na tsufa cikin sana'ar ga, Hasiya, na san masu sayenta, na san waɗanda anka saya dominsu. Na ji sojan nan yana jera miki sunayen duka a gindin bedi, kowane da irin nasa, har da kukan bulala. Yarinya ta san su don a bayanta sunka sauka. Shi fa? Ba a gidan yake ba lokacin. Mutum ba ya sanin abu haka a bakin wasu sai in ya daɗe inda ake yinsa. Ko shi anka yi wa, ko shi ka yi wa wasu.”

Duk zaman da muka yi, ban taɓa tambaya ba.

“Na aika a kira shi,” in ji Baba. “Zai faɗa min mi hannunshi ya yi a ƙasar can. In na ji, in san wa nike ba ɗiyata. Ke ki zauna ɗaki.”

“A'a, Baba. Ni zan zauna da hannun nashi, ni zan ji.”

Ya dube ni. Sannan ya matsa gefe ya ba ni hanya.

Na gyara ɗaurin zanena na bi bayansa. Muna isa zaure muka ji sallama. Inusa na tsaye a waje ya cire takalmi, Lanti na riƙe da yatsansa. Ya kalli bangon da ba komai a kai, ya kalli Baba, ya kalle ni. Ban san me ya gani a fuskokinmu ba, amma ya durƙusa ya yi wa yarinyar magana da harshen uwarta, ya tura ta cikin gida wajen Inna.

“Baba,” ya ce, “na san abin da za ka tambaya. Tun da na sauka mota nike jiran wani ya tambaye ni.”

Na jawo buzu na zauna a inda zan ga idonsa.